Daga Sanda Zuwa Injin Zuƙa: Tarihin Kayan Aikin Masu Wankin Kafet

Sana'ar wankin kafet, wato tsabtace shimfiɗun ƙasa masu gashi da ake saƙawa da ulu ko da zaren roba, tana daga cikin sana'o'in da kayan aikinsu suka riƙa sauyawa gwargwadon yadda abin da ake wankewa ya sauya kama, domin duk lokacin da masaƙa suka fito da sabon nau'in shimfiɗa, sai masu wanki su tarar cewa tsohon kayansu ya daina biyan bukata. A nan akwai bambanci tsakanin abubuwa biyu da ake yawan haɗa su a baki: darduma ita ce shimfiɗar da ake iya naɗewa a ɗauka a kai ta wani wuri, kafet kuwa, a ma'anar da masu sana'ar ke nufi a Turai da Amurka, shi ne wanda ake yankawa daidai da faɗin ɗaki, a manne shi ko a kafe shi da ƙananan ƙusoshi daga bango zuwa bango. A kan wannan bambanci tarihin sana'ar ya ginu, saboda darduma ana kai ta wurin ruwa, shi kuwa kafet dole a kawo masa ruwa har inda yake, sannan a san yadda za a fitar da ruwan kafin ya yi ɓarna.

Abin da ya sa wankin shimfiɗa mai gashi ya bambanta da wankin tufafi shi ne yadda take riƙe datti. Mafi yawan dauɗar da ke cikinta busasshiya ce, wato yashi da ƙura da ɓurɓushin abinci da ƙafa ke shigowa da su, waɗanda ke gangarawa tsakanin silin gashin su kwanta a gindinsa inda ido ba ya gani, kuma duk lokacin da aka taka wurin sai ƙwayoyin yashin su riƙa gurzar zaren har ya dushe ko ya tsinke. Ragowar dauɗar ita ce mai maiƙo, wadda ke manne wa zaren, ba ta kuma fita sai da sabulu da ruwa. Kowane kayan aiki da aka ƙirƙira a wannan fanni yana ƙoƙarin magance ɗaya daga cikin matsaloli uku ne, fitar da busasshiyar ƙura, da narkar da maiƙo, da kuma busar da shimfiɗar bayan an jiƙa ta, kuma ta ukun ce ta fi ba masu sana'ar wahala tun daga farko har zuwa yau.

A ƙasashen da saƙar darduma ta yi ƙarfi tun zamanin da, irin su Iran da Turkiyya da yankin Asiya ta Tsakiya, kayan wanki ba su wuce sanda da tsintsiya da ruwa mai gudu da rana ba. A garin Rey da ke kudu da birnin Tehran akwai wani marmaro mai suna Cheshmeh Ali, inda masu wankin darduma da dillalanta suka daɗe suna kawo hajarsu, su wanke ta a cikin ruwan, su shanya a kan duwatsun da ke kewaye da wurin. A ƙauyen Mashhad Ardehal kuma, kusa da birnin Kashan, wankin darduma ya zama biki na shekara-shekara wanda ake yi domin tunawa da Sultan Ali, ɗan Imam Muhammad al-Baƙir, inda mutanen garin Fin ke ɗauko dardumar hubbarensa riƙe da sanduna su yayyafa mata ruwa, kuma hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada a jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2012. Wannan hanya ta sanda da ruwa da rana ta yi aiki na ɗaruruwan shekaru saboda ulu mai ƙulli yana jure ruwa, ƙasashen kuma suna da rana da busasshiyar iska.

Turai ta ƙarni na 19 ba ta da wannan gata na rana, ga shi kuma shimfiɗu sun yawaita a gidajen masu matsakaicin hali. Dalilin yawaitarsu shi ne injin saƙa: a shekarar 1839 wani Ba'amurke mai suna Erastus Bigelow ya ƙera masaƙar kafet mai aiki da ƙarfin inji a jihar Masacuset, daga baya ya inganta ta, har kamfanin Crossley na garin Halifax da ke Ingila ya sayi haƙƙin amfani da ita, abin da ya karya farashin shimfiɗa ƙwarai. A daidai wannan zamani ne birane suka cika da hayaƙin kwal, wanda da shi ake ɗumama ɗakuna, saboda haka toka da baƙin hayaƙi suka riƙa kwanciya a kan shimfiɗun. Masu aikin gida sukan watsa jiƙaƙƙen ganyen shayi da aka riga aka dafa a kan kafet kafin su yi shara, domin danshin ganyen ya kama ƙura kada ta tashi, sannan sau ɗaya ko sau biyu a shekara a cire ƙusoshi, a fitar da shimfiɗar waje, a rataye ta a jibge ta da mabugi na kara ko na waya. Bugun ya dami jama'a har dokar 'yan sandan birnin Landan ta 1839 ta haramta kakkaɓe kafet a kan titi, in ban da ƙaramin abin share ƙafa na bakin ƙofa, shi ma sai kafin ƙarfe 8 na safe. A Jamus kuwa, har yanzu ana ganin sandar ƙarfe da aka kafa a tsakar gidajen haya domin wannan aiki. Daga wannan wahala ce sana'ar ta samo asali a matsayin kasuwanci, domin an buɗe masana'antun bugun kafet masu aiki da injin tururi, waɗanda ke aika keken doki ya karɓo shimfiɗu daga gidaje, a buge su a mayar.

Na'ura ta farko da ta samu karɓuwa sosai a cikin gida ita ce ta Melville Bissell, mai shagon tangaran a birnin Grand Rapids na jihar Mishigan, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1876. Akwati ne ƙarami mai ƙafafun taya, a cikinsa akwai buroshi mai juyawa wanda ke tsince datti ya zuba a wani faranti idan an tura shi, ba ya kuma bukatar wuta. Bayan rasuwar Melville a 1889 matarsa Anna ta karɓi jagorancin kamfanin, ta kuma faɗaɗa kasuwarsa zuwa ƙasashen waje. Sai dai wannan na'ura saman shimfiɗa kawai take sharewa, yashin da ke gindin gashi yana nan inda yake.

Tunanin amfani da iska ya girmi wutar lantarki ta gida. Daniel Hess na jihar Ayowa ya yi rajistar wata na'ura mai zugazugi a 1860, Ives McGaffey na birnin Shikago ya fito da wadda ake juya fankarta da hannu a 1869, John Thurman na birnin Sant Luwis kuma ya yi rajistar injin mai aiki da fetur a 1899, wanda ke hura iska a cikin shimfiɗa domin ƙura ta tashi ta faɗa cikin wani mazubi. Wanda ya juya al'amarin shi ne injiniyan Ingila Hubert Cecil Booth, wanda ya halarci nunin wani injin Amurka mai hurawa a Landan, ya ga ƙurar tana watsuwa, ya kuma yanke shawarar cewa zuƙa ta fi hurawa. An ruwaito cewa ya gwada ra'ayin nasa ta hanyar ɗora hankici a kan kujera ya zuƙi iska da bakinsa, sai ya ga ƙura ta taru a jikin ƙyallen. A 1901 ya yi rajistar injinsa, wanda ya yi girman da ba zai shiga gida ba, don haka ake ɗora shi a kan keken doki, a tsayar da shi a titi, a zura dogayen tiyo ta tagogi, ma'aikata masu kayan sarki kuma su riƙa bi ɗaki-ɗaki. An kai Booth ƙara saboda rugugin injin da ke firgita dawaki, amma sunansa ya yi tashe bayan da aka ba shi aikin tsabtace shimfiɗun majami'ar Westminster gabanin naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902. Abin lura game da Booth shi ne cewa da farko aikin yake sayarwa, injin na hannunsa, kuma tsarin da ya kafa, wato babban inji a waje, tiyo a ciki, ma'aikaci a bakin tiyon, shi ne wanda manyan masu sana'ar suka koma kansa bayan kimanin shekara 70.

Hanya ta biyu ta fito ne daga hannun talaka. James Murray Spangler mai shara ne a wani babban kanti a garin Canton na jihar Ohayo, yana kuma fama da cutar asma da ƙura ke tayar masa, sai ya haɗa ƙaramar fanka mai lantarki da akwatin sabulu da ƙotar tsintsiya da rigar matashin kai, ya samar da injin zuƙa da mutum ɗaya zai iya turawa. Ya samu rajista a 1908, amma rashin jari ya sa ya sayar da haƙƙin ga William Henry Hoover, mai sana'ar kayan fata, wanda yake auren wata 'yar'uwar Spangler. Kamfanin Hoover ya riƙa ba mutane injin su gwada na kwana 10 kyauta, a 1926 kuma ya ƙara masa wani ƙarfe mai juyawa da ke bubbuga shimfiɗar yayin da ake zuƙa, wanda a zahiri tsohuwar sandar nan ce aka mayar cikin inji. Har yau mutanen Birtaniya da sunan wannan kamfani suke kiran aikin zuƙe ƙura. Illar wannan ci gaba ga masu sana'a ita ce, fitar da busasshiyar ƙura ya zama aikin da kowace uwargida za ta iya yi da kanta, saboda haka abin da ya rage musu su sayar shi ne wanki da ruwa, da cire tabo, da maganin asu mai cin ulu.

Tsakanin 1929 da 1947 aka kafa kamfanonin da suka ɗauki wanki zuwa gidajen mutane. Marion Wade ya fara da feshin maganin asu a Shikago a 1929 kafin ya shiga wankin kafet, kuma daga nan kamfanin ServiceMaster ya samo tushe. A garin Racine na jihar Wiskonsin aka kafa Duraclean a 1930 da Von Schrader a 1935, dukkansu masu wanki da kumfa. A 1947 kuma Jack Bates ya fara Stanley Steemer a Ohayo da jarin dala 2,300. Babban kayan aikin wancan zamani shi ne injin goge daɓe mai faifai ɗaya, wanda ke juya buroshi kimanin sau 175 a minti, yana cuɗa kumfar sabulu a cikin gashin, a bar ta ta bushe, sannan a zuƙe. An zaɓi kumfa ne saboda tsoron ruwa, domin bayan kafet na lokacin da zaren wata irin rama ta Indiya ake saƙa shi, wadda idan ta jiƙe sosai takan tsuke har kafet ya janye daga bango, ko ta fitar da wani launi ruwan ƙasa da ke hawa saman gashin. Aibin hanyar kuwa shi ne ba a ɗauraya, saboda haka ragowar sabulun ke zama danƙo a jikin zaren ya riƙa kama sabuwar dauɗa, kuma daga nan ne aka samu zancen da ya daɗe a bakin mutane cewa kafet da aka wanke ya fi saurin yin datti.

Sauyi mafi girma ya zo ne daga garin Dalton na jihar Jojiya. A 1895 wata budurwa mai suna Catherine Evans ta farfaɗo da wani tsohon salon ɗinkin zannuwan gado, inda ake cusa zare a jikin yadi a bar kansa a tsaye kamar gashi, kuma a hankali aikin ya zama sana'ar dubban gidaje a yankin, har aka ƙera injuna masu allurai da yawa domin yin sa. A shekarun 1950 aka faɗaɗa injunan suka fara yin kafet, aka kuma haɗa su da zaren nailan na kamfanin DuPont, wanda ya fi ulu arha, ba ya kuma tsotse ruwa da yawa. Cusa zare ya fi saƙa sauri ninkin ba ninkin, farashi ya faɗi, sababbin unguwannin da aka gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka cika da kafet daga bango zuwa bango, kuma a yau fiye da kashi 90 cikin 100 na kafet da ake yi a Amurka da wannan salo ake yin sa. Masana'antun da ke jiran a kawo musu shimfiɗa suka rasa mafi yawan cinikinsu, aka bar su da dardumomin ulu masu tsada.

Amsar da masu sana'a suka samo a shekarun 1960 ita ce fesa ruwan zafi da zuƙe shi nan take. Injin yana da tanki biyu, ɗaya na ruwa mai tsabta ɗaya na ruwan datti, da famfo mai tura ruwa zuwa wani bututun ƙarfe da ma'aikaci ke ja a kan kafet, da fankar zuƙa da ke janye ruwan ta wata siririyar tsaga a bakin bututun kafin ya kai ga bayan shimfiɗar. Ana tallar wannan hanya da sunan wankin tururi, kodayake ruwan zafi ne kawai, tururin da ake gani kuwa sakamakon zafin ne. A nan ne karon farko aka sami damar ɗauraye kafet ba tare da an ɗaga shi ba.

Daga wannan ƙira aka sami rassa biyu waɗanda har yanzu su ne zaɓin farko da ke gaban mai buɗe ƙaramar sana'a. Reshe na farko shi ne injin turawa, mai tayoyi, wanda ake shiga da shi cikin gida a jona shi da wutar bango. Yana da arha, yana hawa bene, ana kuma iya ɗaukarsa a bayan ƙaramar mota, sai dai ƙarfinsa ba ya wuce abin da soket zai iya bayarwa, shi ya sa a Amurka, inda wutar soket ɗin gida na yau da kullum ba ta wuce bolt 120, da yawa daga cikin irin waɗannan injuna suke da waya biyu da ake jonawa a layuka daban-daban domin kada wuta ta ɗauke idan an kunna abin ɗumama ruwa. Mai shi kuma zai sha ɗaukar bokiti, yana cikawa yana zubarwa. Reshe na biyu, wanda ya yaɗu a farkon shekarun 1970 ta hannun kamfanoni irin su HydraMaster, shi ne injin da ake kafawa a cikin motar ɗaukar kaya, yana aiki da fetur, yana ɗumama ruwa da zafin da ke fita daga injin kansa, ruwan datti kuma yana komawa tankin da ke cikin motar. Zafinsa da ƙarfin zuƙarsa sun fi na wancan nesa ba kusa ba, kafet kan bushe da wuri, amma kuɗinsa ya ninka na injin turawa sau da yawa, ƙarfinsa yana raguwa gwargwadon tsawon tiyo, ba ya kaiwa ga benaye masu tsawo, dole a bar ƙofa a buɗe saboda tiyon, hayaƙinsa kuma yana iya kisa idan aka kunna shi a rufaffen gareji. Wannan keken dokin Booth ne ya dawo a wata siffa, kamar yadda injin turawa yake jikan na Spangler.

Wani masanin sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus, Herbert Sinner, ya bayyana a 1959 cewa kowane irin wanki ya dogara ne a kan abubuwa huɗu, sinadari da zafi da cuɗa da lokaci, kuma idan aka rage ɗaya to dole a ƙara wani domin a cike gurbinsa. Wannan ƙa'ida ce ke bayyana yadda mai ƙaramin inji yake iya fitar da aiki mai kyau: tunda ruwansa bai kai na motar zafi ba, sai ya fara zuƙe busasshiyar ƙura sosai, ya fesa sinadari ya bar shi ya jiƙa na wasu mintuna, ya cuɗa da buroshi, sannan ya ɗauraye, ya kunna fankar busarwa. Ita ce kuma ta ba da hujjar hanyoyin da ke amfani da ruwa kaɗan, kamar jiƙaƙƙen gari mai tsotse datti na kamfanin Host, da tsarin Chem-Dry da Robert Harris ya kafa a 1977, da sinadaran da suka yi fice daga shekarun 1990 waɗanda ke lulluɓe dauɗa su bushe su zama gari da za a zuƙe daga baya. Otal-otal da ofisoshi sun fi son waɗannan, saboda ba za su iya rufe ɗaki na yini guda suna jiran bushewa ba, kodayake irin wannan wanki bai kai ɗauraya da ruwa zurfi ba.

A 1972 abubuwa biyu suka faru da suka nuna inda sana'ar ta dosa. Roger Kent ya kafa Rug Doctor a birnin Fresno na Kalifoniya, yana ba da hayar ƙananan injunan fesa-da-zuƙa a kantuna, abin da ya sake maimaita abin da Hoover ya yi wa masu bugun kafet. A wannan shekara kuma aka kafa cibiyar horarwa da ba da shaidar ƙwarewa da a yau ake kira IICRC. Da injin ya shiga hannun kowa, abin da ya rage wa ƙwararre ya bambanta da shi shi ne sanin zare da sinadari, misali cewa sabulu mai kaifin kanwa yana lalata ulu ya kuma sa rini ya zuba, cewa ruwa mai tsananin zafi yana kama tabon jini da na madara maimakon ya fitar da su, da cewa tabon da ya ɓace ya dawo washegari alama ce ta ruwan da ya kai ƙasa, sannan ya hauro da dauɗa yayin bushewa.

A biranen ƙasar Hausa sana'ar ta bi wata hanya da ta fi kama da ta Rey, saboda yawancin gidaje darduma ko kafet maras manni suke shimfiɗawa a kan siminti ko tayil, rana kuma tana wadace a mafi yawan watannin shekara. Masu wankin mota ne suka fi karɓar wannan aiki a Kano da Kaduna da sauran garuruwa, inda ake baje shimfiɗar a daɓe, a zuba omo a dirje da buroshi, a feshe ta da injin matsin ruwa irin wanda Alfred Kärcher ya fara ƙera mai ruwan zafi a Jamus a 1950, sannan a rataye ta a kan katanga. Hanyar tana da sauƙin jari, tana kuma dacewa da shimfiɗun roba, amma matsin ruwan yana warware gashin dardumar ulu, a lokacin damina kuma shimfiɗa mai kauri takan kwana biyu ba ta bushe ba har ta fara warin danshi. Wuraren da ke bukatar a je musu da inji su ne manyan masallatai da otal-otal da ofisoshi da ɗakunan taro, inda ake manne kafet, kuma ƙurar hunturu ke cika shi a cikin 'yan makonni. A masallaci tazarar da ke tsakanin salla da salla gajeriya ce, don haka ƙarfin zuƙa da fankar busarwa sun fi zafin ruwa muhimmanci, kuma tunda ba a dogara da wutar layi, mai injin turawa yakan lissafa janareto mai ɗaukar nauyin fankokin zuƙarsa a cikin kuɗin kayan aikinsa tun ranar farko.